Me zaren elektaron yake yi wa filasmar sama idan aka harba shi daga roka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne. Na karanta cewa masana sun taɓa ɗora bindigar elektaron a kan roka, suka harba ta a can saman iska har aka ga haske irin na orora, wato hasken nan mai launi da ke bayyana a sama da dare a kusa da ƙuryoyin duniya na arewa da kudu. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me harbin yake yi wa filasmar da ke wurin? Yana lalata ta ne? Kuma zai iya taɓa rediyo ko yanayin ruwa da iska a nan ƙasa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya aka yi ba. Daga 1969 zuwa farkon shekarun 1990, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Faransa da Japan da wasu ƙasashe sun yi ta ɗora irin waɗannan na'urori a kan rokoki da kumbuna. In na fahimce ka, so kake ka san yadda filasmar sama, wato iskar can sama mai ɗauke da cajin lantarki, ke karɓar wannan baƙo, da kuma ko ɓarnarsa na saukowa ƙasa. A taƙaice, zaren elektaron, wato siririn jerin elektaron masu gudu da bindigar ke fitarwa, yana zafafa filasmar da ya ratsa, yana ƙara mata yawa, yana tayar da igiyoyin lantarki a cikinta, sannan ya sa iska ta yi haske a inda ya tsaya. Duk wannan a ɗan siririn wuri ne, kuma da an kashe na'urar komai ke komawa yadda yake. A ganina hasken da ake ta zancensa shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Wahalar tana cikin 'yan ɗaruruwan mitoci na farko daga bakin bindigar, domin a nan filasma ke mayar da martani, har ta sauya zaren kansa.

Halin wurin kafin a harba

Daga wajen kilomita 60 zuwa 1,000 a sama akwai yankin da ake kira ayonosfiya. A can hasken rana mai ƙarfi yana fizge elektaron daga jikin ƙwayoyin iska, sai ya zama akwai ayon masu cajin fositif da elektaron masu cajin negatif suna yawo a cakuɗe. Wannan cakuɗar ita ce filasma. Inda ta fi cunkoso, wajen kilomita 300, da rana akan samu elektaron miliyan 1 a kowane santimita kubik. Kada adadin ya ruɗe ka. Ko a wannan tsayin, ƙwayoyin iska marasa caji sun ninka masu caji kusan sau 1,000, a kilomita 100 kuwa sau miliyoyi ne. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Elektaron ɗin wurin ba su da wani ƙarfi: kowanne bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 10 na elektaron-bolt guda ba (elektaron-bolt shi ne ma'aunin ƙarfin elektaron). Na bindigar roka kuwa daga 1,000 ne zuwa 40,000, wanda muke rubutawa 1 keV zuwa 40 keV. Mai 10 keV yana gudun kusan kilomita 60,000 a daƙiƙa, wato kashi 1 cikin 5 na gudun haske. Amma duk gudunsa ba shi da ikon miƙewa inda ya ga dama, domin maganaɗisun duniya yana tilasta masa ya riƙa zagaya layin maganaɗisu yana bin sa. A yankunan da ke kusa da ƙuryar duniya, in aka harba shi a gicciye, faɗin da'irar da zai yi bai fi mita 13 ba, kuma yana zagaya ta kimanin sau miliyan 1.4 a daƙiƙa. Ita ma filasmar tana da nata yawan kaɗawar, wanda ya dogara da cunkosonta, daga kimanin megahaz 1 zuwa 10 (sau miliyan 1 zuwa 10 a daƙiƙa) a yawancin ayonosfiya. Waɗannan adadai biyu, yawan zagayen elektaron da yawan kaɗawar filasma, su ke yanke irin igiyoyin da zaren zai iya tayarwa.

Matsalar farko tana jikin rokar

Ɗalibai kan tsallake wannan, alhali shi ne tushen komai. Duk elektaron ɗin da ya fita ya bar rokar da ragowar cajin fositif, cajin kuma jawo elektaron yake yi. Yi lissafin da kanka. Ƙwallon ƙarfe mai tsawon mita 1 daga tsakiya zuwa baki yana ɗaukar kimanin pikofarad 110 (ma'aunin yawan cajin da abu ke iya riƙewa). Ka fitar da amfiya 0.1 daga jikinsa ba tare da komai ya dawo ba, zai kai bolt 10,000 cikin kusan kashi 1 cikin 100,000 na daƙiƙa. Da ya kai nan, zaren 10 keV ba zai iya tserewa ba, sai ya juyo ya faɗa kan rokar da ta harba shi.

Don haka dole filasmar wurin ta mayar wa rokar da adadin elektaron ɗin da ta fitar. To, abin da ayonosfiya ke iya kawowa da kanta 'yan miliamfiya ne kacal a kowane murabba'in mita, ga kuma maganaɗisu da ke hana elektaron matsowa ta gefe. Lissafin masana biyu, Parker da Murphy, na 1967 ya nuna cewa ƙaramar roka za ta yi caji mai tsanani kafin ta tattaro rabin amfiya.

A ranar 26 ga Janairun 1969 tawagar Wilmot Hess ta gwada, daga tsibirin Wallops a jihar Bajiniya ta Amurka, da bindiga mai kusan 10 keV da kusan amfiya 0.5. Saboda tsoron cajin, sun haɗa rokar da wata faffaɗar leda mai rufin alminiyam da za ta buɗe ta tattaro elektaron. Ledar ba ta buɗe yadda aka tsara ba, amma zaren ya fita, kyamarori a ƙasa kuma suka ɗauki siraran layukan haske a sama. Tambayar da ta biyo baya ta ci wa masana shekaru: daga ina elektaron ɗin da suka cike giɓin suka fito?

Babban ɓangaren amsar yana cikin iskar nan marar caji. Roka ba ta zuwa sama ita kaɗai. Jikinta yana fitar da tururin ruwa da iskar da ta maƙale masa, ƙananan injinan juya ta suna fesa gas, ga kuma iskar wurin. Elektaron ɗin da cajin rokar ke jawowa suna ƙara gudu a hanya, su bugi ƙwayoyin iska su fizgo wasu elektaron, waɗannan ma su bugi wasu. Cikin ƙiftawar ido sai a samu sabuwar filasma mai zafi kewaye da rokar, wadda ta fi ta asali cunkoso, ita ce ke ciyar da rokar. Wannan shi ne sauyi na farko da zaren ke kawo wa wurin, tun kafin ya yi nisa.

Gwajin SEPAC da Japan ta jagoranta a kumbon Columbia a ƙarshen 1983 ya fito da abin fili. Jikin kumbon lulluɓe yake da tayil ɗin kare zafi da ba sa ɗaukar lantarki, saboda haka bakunan manyan injinansa na baya su ne babban ƙarfen da ke tattara elektaron. Idan kumbon ya juya ta yadda bakunan suka faɗa bayansa, inda gudunsa ya share filasma, cajinsa kan hau har ya kusa ƙarfin zaren. Da aka fesa gas ko filasma tare da harbin, sai cajin ya sauka. Shi ya sa aka riƙa haɗa bindigar da na'urar fesa filasma: ta siziyam a gwajin ARAKS na Faransa da Sobiyet, ta zenon a tafiyar kumbo ta ATLAS-1 ta 1992.

Igiyoyi, da lokacin da wuta ke kamawa

Ko da an shawo kan caji, zaren ba ya ratsa filasma shiru. Ka lura da kwale-kwale mai inji: idan ya fi taguwar ruwa gudu, sai ya bar taguwa a bayansa tana buɗewa gefe da gefe. Haka elektaron mai gudu yake yi wa duk wata igiyar filasma da gudunta ya zo daidai da nasa ko ƙasa da shi kaɗan. Ƙarin da ke nan shi ne igiyar tana juyowa ta taɓa zaren, ta tara elektaron ɗinsa gungu-gungu, gungun kuma su ƙara wa igiyar ƙarfi. Haka abin ke ninkuwa cikin 'yan mitoci. Ƙarshenta zaren da ya fito da gudu iri ɗaya yakan baje, wasu su rage gudu, wasu su kauce, ƙarfin da suka rasa kuma ya koma cikin elektaron ɗin filasmar, ya ɗaga su daga ƙasa da elektaron-bolt 1 zuwa gommai, wasu har ɗaruruwa.

Nan ne abin ke daɗi. Ana buƙatar kusan elektaron-bolt 15.6 don fizge elektaron daga ƙwayar naitirojin. Da zarar igiyoyi sun ɗaga elektaron ɗin wurin sama da wannan, su ma sun zama masu fizgewa, kuma sun fi na zaren iya aikin, don mai gudu sosai wucewa yake yi bai cika yin karo ba. Filasma ta ƙaru, igiyoyi su ƙaru, zafi ya ƙaru. Muna kiran wannan kunnuwar zare da filasma. An san ta a ɗakunan gwaji tun shekarun 1960, sannan William Bernstein da abokan aikinsa suka yi mata nazari sosai a ƙarshen shekarun 1970 a cikin ƙaton tankin gwaji, wanda ake zuƙe wa iska, na cibiyar Johnson da ke Houston.

A tankin gwaji na fi sanin abin. Ka zuƙe iska, ka bar naitirojin kaɗan, ka kunna maganaɗisu, ka kashe fitilun ɗakin. Da ƙaramin lantarki za ka ga zaren siriri, shuɗi-shuɗi, yana tsukewa yana buɗewa a tazara daidai wa daida, kowace tsukewa zagaye guda ke nan a kan layin maganaɗisu. Kana ƙara lantarkin a hankali hasken na ƙaruwa a hankali. Sai a wani mataki, ba gargaɗi, tsukewar ta ɓace, wani kauri na haske mai ruwan shunayya ya cika kewayen zaren, allon da ke nuna igiyoyin rediyo ya cika da hayaniya, tsinken awon filasma ya yi tsalle. Ka rage lantarkin kaɗan, sau da yawa ba ta mutuwa nan take, sai ka sauko ƙasa da inda ta kama. Matakin da take kamawa yana sauka idan aka ƙara iska ko tsawon tankin ko ƙarfin maganaɗisu, yana hawa idan aka ƙara ƙarfin zaren.

Dole in ja maka kunne a nan. Aikina na tanki ne da kwamfuta, na roka kuwa bayanan da masu harbawa suka wallafa nake karantawa. Tanki yana da bango a ƙarshensa da ke riƙe filasma, sama ba ta da shi, roka kuma tana tafiya, kullum tana shiga sabon wuri. An ga alamun kunnuwar a tafiye-tafiye da dama: haske kewaye da roka, zafafan elektaron, hayaniyar rediyo. Amma raba ta da kunnuwar da cajin rokar kansa ke haddasawa abu ne mai wuya idan na'urar awon tana manne da jikin mai harbin. Shi ya sa daga baya aka koma raba roka gida biyu ko fiye, uwa ta harba, 'ya'ya su auna daga nesa.

Mafi kyawun awo irin wannan a wurina shi ne na 1985, a tafiyar Spacelab-2. An saki wani ƙaramin tauraron ɗan'adam na Jami'ar Iowa ya zagaya kumbon yayin da ake harba zaren 1 keV. Da ya gitta layin maganaɗisun da zaren ke kai, sai ya ɗauki igiyoyi masu ƙaramin kaɗawa, irin waɗanda ake kira masu fito, sun baje a siffar mazurari. Irin wannan siffar ce taurarin ɗan'adam ke gani a saman orora ta gaske. Ke nan an kwaikwayi abin da halitta ke yi, da zaren da aka san ƙarfinsa da lokacin kunna shi.

Inda zaren ke ƙarewa

Abin da ya tsira daga wannan rikici yakan bi layin maganaɗisu. In ƙasa aka nufa da shi, zai shiga iska mai kauri ya yi ta karo har ƙarfinsa ya ƙare. Mai 1 keV yana tsayawa wajen kilomita 150, mai 10 keV wajen 105 zuwa 110, mai 100 keV wajen 80. A matsakaici kowane elektaron-bolt 35 yana samar da ayon guda da elektaron guda, don haka elektaron ɗaya mai 10 keV yana barin kusan 285 a bayansa.

Hasken daga nan yake fitowa. Ayon ɗin naitirojin yana ba da shuɗi mai tsawon igiya nanomita 427.8, nan take. Oksijin yana ba da kore mai 557.7, amma sai ya jinkirta kusan daƙiƙa 0.7. Jan oksijin mai 630.0 yana jira kimanin daƙiƙa 110, kuma a ƙasa da kilomita 200 karo da wasu ƙwayoyi kan ƙwace ƙarfin kafin hasken ya fito. Saboda haka gajeren harbi daga roka mai tafiya ya fi bayyana da shuɗin naitirojin, kuma galibi sai da kyamara mai ganin duhu. Ƙarin filasmar da aka samar a wannan tsayin ba ta daɗewa: ayon da elektaron suna sake haɗewa cikin daƙiƙoƙi.

In sama aka nufa da shi, zai bi layin ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin duniyar. A 1972 an harba daga Kauai a Hawaii, aka ɗauki hoton hasken a can kudancin duniya inda layin ya sauka. A 1975 Faransa da Sobiyet sun yi ARAKS, suna harbawa daga tsibirin Kerguelen a kudancin Tekun Indiya, masu sa ido kuma suna jira a yankin Arkhangelsk na arewacin Rasha. John Winckler na Jami'ar Minnesota kuwa ya yi jerin gwaje-gwaje bakwai mai suna Echo daga 1970 zuwa 1988, yana tura elektaron har 40 keV su je can su dawo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba sa dawowa daidai inda suka tashi, suna ɗan gusawa gabas, kuma daga gusawar da lokacin dawowar ake gane siffar maganaɗisu da ƙarfin lantarkin da ke dubban kilomitoci nesa. Abin lura shi ne sau da yawa wani kaso ne kawai ke dawowa. Winckler ɗin nan, a 1989, yana gwada wata kyamara da aka tanada don aikin roka, ya ɗauki hoton farko na wata irin walƙiya da ke tashi can saman hadari, ba tare da ya nufa ba.

Batun ɓarna

Auna ƙarfin. Bolt 10,000 sau amfiya 0.5 kilowat 5 ke nan, na 'yan daƙiƙoƙi, a tafiyar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Orora ta halitta tana zuba gigawat da yawa a kowane ɓarin duniya ko a daren da ba a yi komai ba, in guguwar maganaɗisu ta taso kuma ta haura gigawat 100. Ratar sau miliyan ce ko fiye. Na'urar rada na iya hango bututun filasmar da zaren ya bari, mai karɓar rediyo da ke kusa na iya jin hayaniyarsa, amma bai kai girman da zai katse sadarwar wani yanki ba. Har an gwada kunna zaren ana kashewa da sauri don ya zama eriyar aika saƙo a ƙaramin kaɗawa. An ji shi sosai a kusa da kumbo, a ƙasa kuwa sakamakon bai taka kara ya karya ba. Gajimaren da ke kawo ruwan sama suna ƙasa da kilomita 20, zaren ya mutu tun yana kilomita 80 ko 100. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai harbin, don cajin na iya haddasa tartsatsi ya ƙona masa na'urori.

Kada ka haɗa wannan da HAARP na Alaska, wanda igiyar rediyo yake aikawa daga ƙasa. Kada kuma ka haɗa shi da Starfish Prime na 9 ga Yulin 1962, bam ɗin nukiliya da Amurka ta tayar a kilomita 400 saman tsibirin Johnston. Wannan kam ya cika maganaɗisun duniya da elektaron masu ƙarfin gaske waɗanda suka daɗe a maƙale, suka lalata taurarin ɗan'adam da dama, har da Telstar 1.

Darasin Starfish na cikin dalilan da suka sa aka sake waiwayar wannan fanni. Igiyoyi masu fito suna iya karkatar da elektaron ɗin da suka maƙale a ɗamarar Van Allen, wato zoben ƙwayoyi masu caji da maganaɗisun duniya ya riƙe kewaye da ita, su faɗo cikin iska, to in zare zai iya samar da irin waɗannan igiyoyi yadda ake so, wataƙila a iya share ɗamarar in ta cika. Gwajin Beam-PIE na masu bincike a Los Alamos, da aka harba daga Poker Flat a Alaska a 2023, an tsara shi ne don auna yawan ƙarfin zaren da ke komawa igiya. Ɗaya dalilin shi ne taswira: a harba zaren miliyan 1 na elektaron-bolt daga tauraro mai nisan dubban kilomitoci, a ga inda ya sauka a ayonosfiya, a san ainihin wurin da kowace orora ke samo asali. Zare mai wannan gudun bai cika biye wa igiyoyin filasma ba, amma dole a saita shi cikin 'yan digiri kaɗan na layin maganaɗisu, in ba haka ba zai juyo kafin ya iso iska. Matsalar caji kuma ta fi muni a can. Filasmar wurin kan kasance elektaron 1 ko ƙasa da haka a santimita kubik, abin da take mayarwa bai fi maikroamfiya 1 a murabba'in mita ba, ga shi ana son fitar da miliamfiya, babu kuma iska marar caji da za ta kawo ɗauki kamar yadda ta yi wa Hess. Dabarar da ake nazari yanzu ita ce tauraron ya fesa gajimaren filasma kafin harbi da lokacin harbi, domin faffaɗan bakin gajimaren ya riƙa zubar da ayon masu cajin fositif daidai da elektaron ɗin da bindigar ke fitarwa.